Yadda Ake Gane Tsohon Agogon Tebur Na Asali Kafin Ka Biya Kuɗi

Idan kana son fara tara tsofaffin agoguna waɗanda ake wanawa da makulli, to ka daina ruɗuwa da fuska. Fuska ana canza ta, ana mata fenti, har sunan wani babban maƙeri ana rubutawa a kai. Ka ce wa mai kaya ya juya maka bayan agogon, ka kunna tocilar wayarka, nan ne gaskiyar take.

Da farko ka san wanne ne a hannunka. Agogon kanta yawanci ɗan Amurka ne, daga jihar Konetikat, akwatin katako mai ƙofar gilashi. Agogon ƙwarangwal ba shi da akwati ko kaɗan, inji ne tsirara a ƙarƙashin murfin gilashi, Faransa ta fara shi sannan Ingila ta yi fice a kai a ƙarni na 19. Na biraket kuwa ɗan Ingila ne, mai mariƙi a ka, an fara yin sa wajen 1660, jim kaɗan bayan Huygens, masanin kimiyya ɗan ƙasar Holand, ya ƙirƙiro agogo mai lilo a 1656. Shi ne mai tsada, shi ne kuma aka fi yi wa jabu.

Na biyu, in na kanta ne ka buɗe ƙofar ka nemi takardar da aka manna a ciki, kar ka kuskura ka ɓare ta ko da ta yi baƙi ta rududduge, ita ce shaidar haihuwarsa. Injin katako alamar tsufa ne sosai, irin wanda Eli Terry ya yaɗa wajen 1816, kafin Chauncey Jerome ya fito da injin tagulla mai araha a ƙarshen shekarun 1830 ya kashe kasuwar katakon. A agogon kamfanin Seth Thomas, in takardar ta ce an yi shi a garin Plymouth Hollow to kafin 1865 ne, daga nan sunan garin ya koma Thomaston. Kuma daga wajen 1881 zuwa 1918 suna buga shekara a bayan akwati amma a juye, da harafi ɗaya na wata, wato in ka ga 2981C to Maris ne na 1892. Dillalai da yawa ba su san wannan ba, kai ma ba dole ka faɗa musu ba sai an gama ciniki.

Na uku, a biraket da ƙwarangwal ka leƙa cikin injin ka nemi wani dunƙulen tagulla mai siffar mazurari wanda siririyar sarƙa ko tsirkiya ke naɗewa a jikinsa. Aikinsa daidaita ƙarfin sifirin ne, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke tafiyar da agogon, don kar agogon ya yi gudu ranar da aka wana shi sannan ya yi sanyi a ƙarshen mako. Na Ingila na kirki kusan duk suna da shi. Farantin baya na tsohon biraket kuma za ka tarar an yi masa zanen furanni da hannu, sau da yawa har da sunan maƙerin, sai ka duba ko ya yi daidai da na fuska. In wani ya ce maka ga agogon Tompion ko Knibb, shahararrun maƙeran Ingila na da, a kuɗin babur, yi murmushi ka wuce, waɗannan manyan gidajen gwanjo na Landan ne ke sayar da su.

Na huɗu, nemi abin da bai dace da shekarun ba. Sukuru mai kan gicciye bai shigo ba sai shekarun 1930. Ramukan da babu komai a cikinsu a jikin katako ko faranti suna nuna an ɗauko inji daga wani agogon an dasa a wannan akwatin, yana iya aiki lafiya lau amma darajarsa ta faɗi. In an rubuta sunan ƙasar da aka ƙera shi da Turanci, galibi bayan 1890 ne, kuma West Germany na nufin tsakanin 1949 da 1990, ba tsoho ba ne can can. A agogunan Jamus, tauraro tambarin kamfanin Junghans ne, anga mai kambi na kamfanin Gustav Becker.

Sai batun ɗauka. Cire lilon ka naɗe shi daban kafin ka ɗaga agogon, in ba haka ba siririn ƙarfen da yake rataye a jiki zai karye tun kafin ka iso gida. Kar ka juya hannun agogo mai bugawa baya, kar ka fesa masa man feshi na WD-40, kar ka goge tagullar har ta yi ƙyalli kamar sabuwa, kuma sifirin ɗin nan ba abin wasa ba ne, ka bar wa mai gyaran agogo ya kwance shi. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da man inji ta riƙa cin ƙarfen, gara kuma ba ta san katakon 1840 ba, don haka ka sa shi a kabad mai gilashi nesa da jikin bango, a wuri mai daidai, ka kasa kunne ka ji tik da tak suna zuwa da tazara ɗaya. In ɗaya na riga ɗaya, cusa ɗan kwali a ƙarƙashin ɓangare guda har ƙarar ta daidaita.