Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kwatanta Littattafai Biyu a Jarrabawa

Da zarar jarrabawa ta gabato, ɗaliban da nake yi wa bita a nan Jos, daga Gangare har Unguwar Rogo, sukan kawo mini amsoshinsu na gwaji in duba. Tambayar da ta fi kayar da su ita ce wadda aka ce a kwatanta littattafai biyu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yawancinsu sun karanta littattafan sarai, wajen zuba amsar ne makin ke zubewa.

Babban kuskure shi ne ba da labari. An ce ka kwatanta jigon tafiya a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai ka cika shafi guda da labarin farko, ka cika wani da na biyu, ka ajiye biro. Mai duba takardarka ya san labaran nan tun kafin a haife ka. So yake ya ga ka gwama su. Saboda haka kowane sakin layi ya ɗauki batu ɗaya, ya taɓo littattafan biyu tare. Ɗauki dalilin tafiya: Alhaji Imam, tauraron Ruwan Bagaja, da ƙafarsa ya fita neman ruwan bagaja, shi kuwa Umar sace shi aka yi yana yaro, bauta ta ratsa da shi hamada. To me wannan ya haifar? Wanda ya fita don kansa yana da sukunin wayo da barkwanci, shi ya sa karonsa da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ke ba mu dariya. Wanda aka ja da ƙarfi ba shi da makami sai haƙuri da tawakkali, shi ya sa muryar Shaihu Umar take a natse, ta malami mai wa'azi. Wannan "me ya haifar" ita ce ke kawo maki, ita ce kuma aka fi tsallakewa.

Wasu kuma bambanci kawai suke farauta, su manta da kamanni. Alhali littattafan nan biyu gasa ɗaya ta haife su, wadda aka shirya a Zariya a 1933, aka buga su a 1934, kuma a dukkansu tauraron ne ke ba da labarin rayuwarsa da bakinsa ga masu sauraro. Fara da inda suka haɗu, rabuwarsu za ta fi fitowa fili.

A kula da suna. Abubakar Imam marubuci ne, Alhaji Imam tauraro ne a cikin labari. Idan ka cakuɗa su, ka nuna ba ka rarrabe mai rubutu da mai ba da labari ba.

Sai amsar hadda. Ɗalibi ya haddace bayanin jigo, aka tambaye shi salo, ya juye abin da ke kansa haka nan. Ja layi a ƙarƙashin kalmar da tambaya ta rataya a kai, jigo ne, salo ne, ko zubi da tsari, kada ka kauce mata. In kuwa salo ne, kada ka tsaya ga cewa "marubucin ya yi amfani da karin magana". Kawo wurin da ya yi, ka faɗi aikin da ta yi a wurin.

Littafin da ka fi ƙauna yakan cinye wuri, ɗayan ya tashi da layi uku. Maganinsa minti biyar ne kafin ka fara: raba bayan takarda gida biyu, rubuta batutuwa uku, kowanne da hujjarsa daga kowane littafi. Batun da ka rasa masa hujja a ɓangare ɗaya, jefar da shi ka nemi wani.