Yadda Ake Zama Mabushin Kayan Tagulla a Ƙungiyar Okestura

Duk wanda ya ƙuduri aniyar cin abinci da busa turampet, turombon, tuba ko ƙahon Faransa, ya fara da ƙirga kujeru. Babbar ƙungiyar okestura, wato taron makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri da ke kaɗawa tare, takan ɗauki masu ƙaho huɗu, masu turampet uku, masu turombon uku da mai tuba ɗaya tak, kuma wanda ya samu kujera ba ya saurin tashi. Adolph Herseth ya jagoranci masu turampet a ƙungiyar birnin Shikago daga 1948 zuwa 2001, wato shekara 53. Saboda haka shiri ya kamata ya riga gurbi zuwa.

Aikin farko a leɓe yake, domin karkarwar leɓɓa a bakin abin busa ita ce ke haifar da sauti, tagulla kuwa ƙara masa amo take yi. Ka ware lokaci kullum don jan dogon sauti a hankali, ka huta gwargwadon yadda ka busa, kada ka matsa wa leɓen da ya gaji, domin rauninsa yakan jima bai warke ba. Littafin atisaye na mabushin Faransa Arban, wanda ya fito a 1864, har yau masu turampet na dogaro da shi. Ka nemi malamin da ya taɓa zama cikin ƙungiya, ko a makaranta irin Juilliard ta Amurka ko a wajenta, domin akwai abin da sai wanda ya yi aikin yake iya nunawa.

Kujera ana samunta ne ta hanyar gwaji, kuma ƙungiyoyi da yawa suna sa labule tsakanin mai busa da alƙalai don kunne kaɗai ya yi hukunci. Za a ba ka 'yan mintuna ka busa gajerun sassa daga manyan kaɗe-kaɗe. Ka haddace su, ka saurari kiɗan gaba ɗaya don ka san abin da sauran makaɗa suke yi a daidai wurin, sannan ka riƙa naɗar busarka kana saurare ba tare da sassauta wa kanka ba. Ko ka yi nasara, akwai zaman gwaji na shekara ɗaya ko biyu kafin a tabbatar da kai.

Koyarwa kuwa, a ganina kuskure ne a ɗauke ta mafakar wanda ya rasa kujera. Arnold Jacobs ya busa tuba a Shikago daga 1944 zuwa 1988, amma har yau ana tunawa da shi a kan yadda ya koya wa ɗalibai sarrafa numfashi da jin sautin a zuci kafin a busa shi. Ka fara karɓar ɗalibai tun kana makaranta. Idan yaro ya zo darasin farko, ka busa masa sauti mai daɗi ya kwaikwaya, ka jinkirta dogon bayani a kan tsokar leɓe har sai kunnensa ya kama.