Yadda ake dafa tsakin masara ya yi wara-wara kamar shinkafa

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, gidaje da yawa sun rage dafa shinkafa. Matsalar ita ce yara sun saba da abin da ake ci da cokali, in aka jera musu tuwo rana da dare sai a fara ɓata rai. A nan tsakin masara yake da rana. Mutanen Borno sun daɗe suna cin burabusko, wato turararren tsaki, da miya, ba don shinkafa ta gagare su ba.

A fara da zaɓen masara. Ki ɗebo a tafin hannu ki duba: wadda ƙwaro ya huda ko ta yi funfuna a bar wa mai ita, domin funfunar masara guba ce mai taɓa hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. A kai inji a surfe, a bakace dusar, a wanke, a shanya ta sha iska. Sannan a mayar, a gaya wa mai inji ɓarzawa ake so, ba niƙa ba. Ki tsaya a kansa, don wasu in suka ga layi ya yi tsawo sai su sakar miki gari.

In an dawo gida a tankaɗe da rariya. Garin da ya zuba na tuwo ne ko kunu, tsakin da ya rage a sama shi ake nema. A wanke shi sau biyu ko uku, a rairaye saboda tsakuwa, a zuba a kwando ya tsane.

Yanzu sai turarawa, kuma a nan mafi yawa suke kuskurewa. Ruwan tukunya ya tafasa kafin a ɗora madambaci, kada kuma ya taɓa gindinsa. In tururi na fita ta gefe, a naɗe bakin tukunyar da tsumma mai tsabta. A zuba tsakin sako-sako, ba a danna shi, a rufe kamar minti 20. A juye a faranti mai faɗi, a wargaza da cokali, a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan da gishiri da man gyaɗa. Yayyafi na ce, ba kwarara ba. Ruwa ya yi yawa, kin koma fate. A mayar a sake turarawa. Ki murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu, in ta lotse ba tauri a tsakiya, ya nuna. Tsaki mai manyan ƙwaya kan so turarawa ta uku.

Ana cin sa da miyar tumatir, ko mai da yaji, ko a cuɗa shi da dafaffen zogale da ƙuli-ƙuli ya zama dambu. Ni dai na fi son a haɗa da wake, ya fi riƙe ciki.

Don tukunya ta yi auki, a yanka dankalin Hausa gutsi-gutsi a jefa a miyar, musamman mai jan ciki, wanda ke da sinadarin bitamin A. Makani da doya ma suna shiga, haka ɗanyar agada inda take da araha. Rogo ne ke son kula: mai zaƙi ake ferewa a dafa shi ya nuna sarai, a zubar da ruwan. Mai ɗaci ba ya shiga wannan tukunya, sai an jiƙa shi kwanaki an shanya an yi alabo.

Kada a ɓarza da yawa lokaci guda. Tsaki yana saurin jan danshi, balle da damina, don haka na mako biyu ya isa, a busar da shi sosai, a adana a mazubi mai murfi.