Noman buhu a gida: abin da ke sa tumatir ɗinka ya ƙi yi

Tun da kayan miya suka fara tsada kowa ya zama manomi, ka leƙa gidaje a Kano ko Kaduna ko Maiduguri za ka ga buhuna jere a jikin katanga, wasu har da tsofaffin bokitai da tayoyi. Abu ne mai kyau wallahi. Amma bayan wata biyu ka koma gidan, rabin buhunan sun zama wurin kwanciyar kyanwa, mai gidan kuma yana cewa ai hannunsa ne ba ya karɓar shuka. Ba maganar hannu ba ce malam, yawanci tun ranar da aka cika buhun aka gama kashe shukar.

Ƙasa tukuna. Mutum zai je bakin bola ya ɗebo baƙar ƙasa don an ce ita ce mai ƙarfi, a ciki da fasasshen batir da leda da kwalba da su allura, kuma ganyen da ya fito a nan shi yaranka za su ci. Wani kuma laka zalla yake zubawa, in ta sha ruwa ta bushe sai ta ƙame kamar bulo, saiwa ba ta da inda za ta bi. Abin da ya fi shi ne a haɗa ƙasar gona kashi biyu, rairayi kashi ɗaya, taki da ya ruɓe kashi ɗaya, a cakuɗa sosai. Ka lura na ce wanda ya ruɓe. Kashin kaji da aka kwaso yau daga keji zafi gare shi, ƙona saiwa yake, kwana kaɗan ka ga ganye ya yi rawaya ya langaɓe kai kuma kana ta ƙara ruwa kana tunanin ƙishi ne. A tara shi a gefe a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har wata biyu ko uku, sai warin nan mai hawa kai ya tafi, ka sa hannu ciki ba ka jin ɗumi, to a lokacin ya zama abinci. Haka takin zamani, ko kamfa ko yuriya, murfin kwalba ɗaya ya ishi buhu, a binne shi nesa da gindi kamar tsawon yatsa, ba a watsa a jikin kara ba.

Sai huda buhu, wannan kam mantawa ake yi. Bokiti ko buhu mai leda a ciki in ba a yi masa ƙofofi a ƙasa ba ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe. Abin haushin shi ne shukar da ruwa ya yi wa yawa da wadda ke jin ƙishi kamanninsu ɗaya, duk yaushi suke, shi ya sa kafin ka ɗauko buta ka tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ka ƙyale ta. A ba da ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, a gindi, ba a kan ganye ba. Kuma don Allah Hajiya ruwan wanki mai omo da bilic ba na lambu ba ne, na wanke shinkafa ko na alwala dai babu laifi. Ba da ruwa yau a manta kwana uku sannan a zo a malale shi ne ke kawo baƙin tabon nan a ƙasan 'ya'yan tumatir, ba wata cuta ba ce da za ka je neman magani.

Yanzu maganar lokaci, nan ne aka fi asara. Kowa da tumatir yake so ya fara, alhali shi ne mafi rigima. Tumatir sanyi yake so, shi ya sa 'yan lambun Kadawa da Kura a jihar Kano suke cika kasuwa da shi a lokacin hunturu. Kai kuma ka shuka a watan Maris, ya girma ya yi kore shar ya yi fure, zafin Afrilu ya haura digiri 40 furen ya kakkaɓe tas ko ɗa ɗaya babu. In tumatir kake so ka yi renon iri a Oktoba zuwa Nuwamba, bayan sati uku zuwa huɗu ka yi dashe da yamma, gindi ɗaya ko biyu a buhu, ba goma ba. In kuma sabon shiga ne kai, fara da alayyafo, sati huɗu zuwa biyar ka fara yanka, ko yakuwa da kuɓewa da lalo da zogale, waɗannan ba su da fushi. Kuɓewa da karas ba sa son dashe, inda za su zauna nan ake shuka su. Irin ma a kula, matse tumatir ɗin kasuwa a shanya 'ya'yan caca ce, da yawansu irin haɗi ne da ba ya maimaita uwarsa, gara ka sayi ɗan sacet a shagon kayan noma ka duba kwanan watan da ke jiki.

Inuwa ma haka, an tura buhu ƙarƙashin mangwaro don kar ya tare hanya, sai shukar ta yi tsawo siririya ba 'ya'ya. Tumatir da tattasai da attaruhu suna son rana kamar awa 6 a yini.

Ƙwari kuwa za su zo, babu makawa. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016, ba ta san bambancin gona da tsakar gida ba, in ka ga farin zane-zane a cikin ganye ka tsinke ganyen ka ƙona. Abin da bai kamata ba sam shi ne fesa fiya-fiya ko maganin sauro a kan ganyen da gobe za a yi miya da shi, guba ce. A daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace, a ɗan sa sabulun wanka kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma har bayan ganyen don can suke ɓuya, a maimaita duk sati. Amma a gaskiya a gidajenmu kaji da akuya da ƙadangare sun fi kowace tsutsa ɓarna, kaza ɗaya za ta gama da gadon reno kafin ka dawo masallaci. Tsohon gidan sauro da sanduna huɗu sun wadatar, sai dai in fure ya fara fitowa a riƙa ɗage shi da rana saboda ƙudan zuma su samu shiga.