Kafin ku ce kamfaninku ya canza rayuwar mutane

Jama'a, musamman masu sababbin kamfanonin da suka fara bunƙasa, ga wata shawara.

Yawan waɗanda suka sauke manhajarku ko suka sayi kayanku ba shi ne amfanin da kuka yi wa al'umma ba. Wannan adadi yana hauhawa ne don kamfani na girma. Abin aunawa shi ne sauyin da mutum ya samu bayan ya yi hulɗa da ku: kuɗin shigarsa ya ƙaru? Wahalar da ta kawo shi ta ragu?

Ba za ku gane haka ba sai kun rubuta halin da yake ciki tun ranar farko, kuma nan ne da yawa ke tuntuɓe. Ku yi masa tambayoyi uku ko huɗu lokacin rajista, bayan wata shida ku maimaita su ba tare da canza ko kalma ɗaya ba.

Ma'auni biyu ko uku sun isa, amma ku riƙa lissafa su da kashi cikin ɗari, ba jimilla kaɗai ba. In kuna son ma'aunan da masu zuba jari suka sani, ku duba IRIS+, jerin ma'aunan amfanin da kamfani ke yi wa al'umma, wanda GIIN, ƙungiyar masu zuba jari don amfanin al'umma, ta tanada.

Don Allah ku nemi waɗanda suka daina hulɗa da ku, ku sa amsarsu cikin lissafin.