Kurakuran da ke kayar da ɗalibai a fiziks ɗin manyan azuzuwan sakandare

Wallahi na gaji da ganin yara masu kaifin ƙwaƙwalwa suna cewa fiziks ta fi ƙarfinsu, alhali abu ɗaya suke ta maimaitawa.

Babban ciwon shi ne haddar fomula. Ɗalibi ko gama karanta tambaya bai yi ba ya fara laluben fomular da zai cusa wa lambobi. Ni ma haka nake a da, har ranar da aka ba mu tambayar akwati a kan gangara mai digiri 30. Na haddace cewa ƙasa tana tokare abu da ƙarfin mg (m mas ne, wato yawan abin da ke cikin jikin abu, g kuwa ƙaruwar gudun faɗowa ƙasa), sai na rubuta hakan ban zana komai ba, a kan gangara kuwa mg cos θ ne (θ ita ce kusurwar gangarar), daga nan gogayyar da na lissafa ta karkace, sauran amsoshin duk suka bi ta, tambayar da ta fi kowacce maki ta tafi a banza. Na yi kwanaki abin yana cin raina. Tun daga ranar ba na taɓa kalkuleta sai na zana abin, na sa wa kowane ƙarfi kibiyarsa, nauyi ƙasa, tokarar gangara a tsaye da fuskarta, gogayya tana adawa da zamewa. Wasu na ganin ɓata lokaci ne, ni dai minti biyun nan ba na barinsu.

Kuma don Allah ku daina jefa v = u + at (v gudun ƙarshe, u gudun farko, a ƙaruwar gudu, t lokaci) ko'ina! Sai in ƙaruwar gudu ba ta canzawa take aiki. Gwada kanka: ka cilla ƙwallo sama, a ƙololuwa gudunta sifili ne, to ƙaruwar gudun fa? In ka ce ita ma sifili, hadda ka yi ba fahimta ba. Tana nan 9.8 m/s² zuwa ƙasa, ba don haka ba da ƙwallon ta tsaya a iska.

Na biyu ma'auni. Haba, an ba ka kilomita 72 a awa ka zuba 72 ɗin haka cikin lissafin mita da sakan? Raba da 3.6 ka samu mita 20 a sakan. Kada ka raina wannan, a 1999 kumbon Mars Climate Orbiter na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya salwanta saboda ɓangare ɗaya na masu aikin na auna ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan da niyuton. Ni kowace lamba da ma'auninta nake rubuta ta har layin ƙarshe, in amsar ƙarfi ba ta fito da niyuton ba na san akwai matsala.

Sauran ƙanana ne amma suna cin maki. Kilogiram na mas ne, nauyi da niyuton ake auna shi. Lissafin gas sai da ma'aunin zafi na kelbin, ƙara 273 a kan selsiyos. Kada ka taƙaita lamba a tsakiyar aiki. Kafin jarrabawa danna sin 30 a kalkuletarka, in ba ta ba ka 0.5 ba to ba a digiri take ba, gyara ta tun kafin a raba takarda.