Yadda ake tsara ayyuka masu lokaci a Java ba tare da sun tsaya shiru ba

Na taɓa rubuta manhajar da ke duba ma'ajiyar bayanai duk bayan minti biyar. Ta yi kwana uku lafiya lau, ran na huɗu ta yi tsit, ko saƙon kuskure babu. Ga matakan da nake bi tun daga lokacin.

Da farko, ka rabu da java.util.Timer, tsohon kayan aikin Java na gudanar da ayyuka a kan lokaci. Zare (thread, wato hanyar da manhaja ke gudanar da aiki a kanta) ɗaya tak gare shi: in aiki ɗaya ya daɗe, sauran su yi ta jira, in ɗaya ya fashe da kuskure, zaren ya mutu da su duka. Ka ɗauki ScheduledThreadPoolExecutor, wanda ya zo da Java 5 a 2004, ka ba shi zare biyu ko uku. Shi da System.nanoTime (ma'aunin lokaci da bai dogara da agogon kwamfuta ba) yake auna tazara, don haka gyara agogon kwamfuta ba ya rikita shi.

Sai ka zaɓi salon ƙidaya. scheduleAtFixedRate daga farkon aiki yake lissafi. In ka ce daƙiƙa 5 amma aikin ya ci 7, na gaba zai tashi nan take, babu hutu, ko da yake ba za su haɗu a lokaci guda ba. scheduleWithFixedDelay kuwa sai aiki ya ƙare yake fara ƙirga. Ga duk abin da ya shafi intanet, shi na fi so.

Mataki na uku shi ne wanda ya kayar da ni. Idan aiki mai maimaituwa ya jefo kuskure sau ɗaya kacal, ba za a sake kiransa ba, kuma ba wanda zai gaya maka. Kuskuren yana ɓoye cikin ScheduledFuture, wato abin da ake dawo maka da shi lokacin da ka tsara aikin, wanda ba ka dubawa. Ka naɗe jikin aikin gaba ɗaya da try da catch don kama kuskuren, ka rubuta abin da ya faru a log, wato kundin da manhaja ke ajiye bayanin abin da ya auku.

Kada ka ɗauka cancel, wato umarnin soke aiki, ya gama magana. Wataƙila aikin ya riga ya fara a wani zaren, don haka duk bayanan da zarurrukan ke amfani da su tare ka kare su da kulle (lock) ko AtomicBoolean (alamar e ko a'a da zarurruka za su iya sauyawa ba tare da karo ba). In kana yawan soke ayyuka, kunna setRemoveOnCancelPolicy, kar ayyukan da ka soke su taru a layi suna cin wuri.

Lokacin rufewa, kira shutdown, ka biyo da awaitTermination don jiran ayyukan su ƙare. In ka manta, zarurrukan nan za su hana manhajar fita.